Simintin Kabarin Baba Iliya

Ku samarin majami'armu da kuke zama kan dakalin bangon gabas bayan an tashi sujada, kowa kansa sunkuye a waya, na ji abin da kuka ce ranar Lahadi. Wai ginin ƙasa ba sana'a ba ce, kwaɓa ka liƙa ne kawai, ko akuya aka ba hannu za ta yi. Wai a rushe ɗakin sujadar a yi na bulo. Ban hana ku ba, ni ma ina so in ga sabon ɗaki kafin idona ya ƙarasa dushewa. Amma ni Yakubu magini, ni na ɗora bangon nan da kuke jingina da shi, kuma ban yarda ku kawo guduma ba sai kun san abin da kuke zaune a kai.

Na koyi gini wurin Malam Ɗanjuma, wani gajeren mutum mai faɗan tsiya, wanda rabin gidajen Madarumfa na wancan lokaci aikin hannunsa ne. Shi Musulmi, ni ɗan Kirista, amma da ubana ya kai ni wurinsa abu ɗaya ya duba, wato ƙafata. Ya ce tana da faɗi, za ta cuɗa ƙasa. Shekara biyu cur abin da na yi ke nan. A haƙo ƙasa a kududdufi, a zuba ruwa, a watsa busasshiyar ciyawa da kashin jaki, in shiga in yi ta tattakawa har in daina jin cinyoyina. Sai a bar ta kwana uku ta ruɓa, a sake cuɗawa. In ya zo dubawa ba ya tambayar kowa, sai ya ɗebi kaɗan ya murza a yatsa, wani lokaci har ya ɗora a harshe. In yashi ya yi yawa sai ya tofar ya wuce, kai kuma ka san aikin kwana uku ya koma farko.

Kayan aikinmu ba su cika amalanke ba. Dagi ne da galma da kwando da igiya da tsani, sauran duk hannu ne da ido. Bango na farko da ya bar mini ni kaɗai, katangar wani manomi ce a garin Safo. Na so in nuna ni ma na iso, na ɗora sahu shida na tubali a rana ɗaya, alhali ya sha gaya mini a tsaya a uku a bar rana ta yi nata aikin. Da la'asar ya zo, ya zagaya katangar yana yabon tsawonta, har na fara buɗe haƙora. Sai ya ja da baya ya sa mata ƙafa sau ɗaya. Ta kwanta gaba ɗaya, har kajin mai gidan suka watse. Tun daga ranar na san yadda Malam Ɗanjuma yake duba aiki: in ya shuri bango ya tafi bai ce komai ba, to ka ci. A wurinsa kuma na koyi cewa bangon gabas shi ne mai shan duka, domin daga can ruwan damina yake zuwa da iska, saboda haka shi ake haƙa wa tushe har ƙugu.

Masu ba ni aiki kusan duka Musulmi ne, domin mu Kiristan garin a lokacin ba mu kai gida goma ba. Akwai alhazan da ke fatauci ta Ɗan Issa, garin bakin iyaka, waɗanda ba ruwansu da faɗin ɗaki, su dai soronsu ya fi na maƙwabci tsawo ko da taƙi ɗaya ne. Akwai matan gida masu jira sai ka gama ƙofa su ce ashe ta can suke so. Kowa ya san ba na aiki ranar Lahadi, har suka sa mini Yakubu mai Lahadi, sunan ya bi ni. Na taya maigidana ginin masallaci a garin Sarkin Yamma, wani ya yi gunaguni a kan hannun Kirista, Malam Ɗanjuma ya miƙa masa tubali ya ce ya hau ya ɗora da nasa mai tsarkin. Mutumin bai hau ba. Duk da haka ba zan yi muku ƙarya ba, an haife ni a garin nan amma kullum akwai abin da ke tuna mini a gefe nake. In Kirsimeti ta zo sai mun kira malami ya yanka mana rago, in ba haka ba maƙwabta su karɓi naman da fara'a su zuba wa kare.

Wanda ya fi kowa riƙe wannan magana ta baƙunci shi ne Baba Iliya, dattijon majami'armu. Tsoho ne dogo mai sanda, danginsa sun kore shi tun yana saurayi saboda ya zama mai bi, wato Kirista, bai kuma sake taka ƙauyensu ba. Shi duk maganar da aka ɗauko, can za ta ƙare: Allah ya zaɓe mu, mu baƙi ne a duniya, garinmu yana sama. Gaskiya ce, ni ma na ba da gaskiya gare ta. Amma Baba Iliya ya mai da ita maganin kowace buƙata. In mata suka ce a sayi benci, baƙo ba ya zaɓen wurin zama. In aka ce a ƙara wa fasto hatsi, baƙo ba ya cika ciki. Shi kuwa in an sa tuwo a gabansa, ba ka ganin alamar mai wucewa ne.

Ginin majami'ar nan ya faɗo hannuna a farkon shekarun casa'in, lokacin na riga na zama mai kaina. Filin ba namu ba ne. Malam Isuhu mai amalanke ya ara mana shi, mutumin kirki, duk da 'yan'uwansa ba su so ba. Gidansa yana gabas da mu, rariya ce kawai tsakani, kuma ɗakin tsohuwarsa, makauniya wadda ba ta iya tashi sai an kama ta, shi ne daidai da bangonmu. Na ja igiya, na sa a haƙa tushe har ƙugu, na ce a kawo marmara a shimfiɗa a ƙasa. Baba Iliya ya zo ya leƙa ramin, an kai gwiwa, ya buga sanda ya ce a tsaya. Ya tambaye ni ko fada nake gina wa sarki. Ya ce filin aro, duniyar aro, mai wucewa ba ya haƙa rami kamar zai dawwama, marmarar ma a bar ta.

Ga kuskurena, kuma ba na ɗora wa kowa. Na san abin da ya kamata, amma tsoho ne, ya yi mini magana da harshen wa'azi a gaban jama'a, na ji kunya na bi maganarsa. Na ɗora bangon gabas a kan tushe mai zurfin gwiwa, ba dutse ko ɗaya. Da aka gama Malam Ɗanjuma ya biyo ta wurin, ya dubi gindin bangon, ya dube ni. Bai shure shi ba. Ya ce yana tsoron kada a ce Musulmi ya rushe wa Kirista ɗaki. Wannan magana ta fi shurin ciwo.

Bayan shekara uku, da sanyin hunturu, Baba Iliya ya aiko in zo gidansa in zo da igiyar awo. Na ɗauka rumbu yake so. Ya rufe ƙofa, ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, sannan ya ɗaga tabarmar da ta rufe ƙarƙashin gadonsa. Buhun siminti huɗu ne a jere, sababbi ful, ya sayar da tumakinsa ya sa an kawo masa daga Ɗan Issa. Ya kwanta a ƙasa ya miƙe ƙafafu ya ce in auna shi. Kabari yake so, na siminti, mai murfi da kauri, da sunansa a rubuce. Na auna shi ina danne dariya har cikina ya yi ciwo. Mutumin da ya hana ɗakin Allah dutse, ga shi yana tambayata ko buhu huɗu za su kai. Na ce za su kai, na nuna masa yadda zai ɗora su kan katako ya naɗe da leda saboda laima, na fito da sirrin a bakina yana mini ƙaiƙayi.

Ba a yi wata biyu ba aka wayi gari darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi. Ku tambayi iyayenku shekarar, ba wanda ya manta da ita. Duk abin da ake kawowa daga waje ya ninka, siminti ya zama abin kallo a kanti, alhazai suka dakatar da gine-gine, na yi rani guda ina gyaran murhu da akurkin kaji. Sannan damina ta zo da nata. Ruwa aka yi ta yi kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya cika, tafki ya hau gonaki, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a unguwanni. Rariyar da ke tsakaninmu da Malam Isuhu ta zama hanyar ruwa, tana wucewa tana lasar gindin bangonmu.

Wata ranar Laraba da hantsi, bayan ruwan safe ya ɗauke, na je na durƙusa na sa hannu a gindin bangon. Hannuna ya shige har wuyansa kamar cikin kunu. Na ɗaga kai, na ga tsaga ta taso daga kusurwa, bangon kuma ya fara sunkuyawa waje, wato kan ɗakin tsohuwar. Ina nan durƙushe sai ga Malam Isuhu a kaina. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ce bai zo da faɗa ba. Ya ce ya roƙi tsohuwar ta koma wani ɗaki ta ƙi, ta ce a nan mijinta ya bar ta. In bangon nan ya faɗa mata, shi ba zai iya tare 'yan'uwansa ba, kuma ba filin kaɗai za mu rasa ba, zaman garin ma sai ya gagare mu. Na ce na ji. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin na san ruwa biyu ko uku masu ƙarfi suka rage wa bangon.

Da yamma muka taru. Na gaya musu ƙasa ba za ta yi ba, ɗanyar ƙasa a tsakiyar damina ruwa zai wanke ta kafin ta sha iska. Rushe bangon kuma ba shi yiwuwa, shi ke ɗauke da azarar rufi. Sai dai a tokare shi, a cire ruɓaɓɓen gindin, a gina masa sabo da marmara da siminti. Kowa ya dubi ɗan'uwansa, domin a shekarar nan ko mun sayar da bencin da ba mu da shi ba za mu sayi buhu ɗaya ba. Sai Baba Iliya ya miƙe ya ce a yi addu'a, Allah ba ya barin zaɓaɓɓunsa, in ma ɗakin ya faɗi ai dama baƙi ne mu. Na dube shi, ya kau da kai yana gyaran sanda. Na rantse masa, ba halin in yi magana. Aka yi addu'ar, na ce amin da ƙarfi, amma na san ruwan gabas ba ya tambayar bango na wane ne.

Washegari da sassafe na je gidansa. Na ce na zo gaida maƙwabtansa na ƙarƙashin gado. Kafin ya hana ni na jawo buhu ɗaya, na danna kusurwarsa da babban yatsa, na kama hannunsa na ɗora a wurin. Ta fara tauri, duk da ledar.

Na ce, "Baba, siminti ba shi ganin damina biyu. Wanga da ka gani, in kaka ta yi ya zama dutse, ko ni ban iya komi da shi. Abu biyu ne, ko dai ka mutu bana, ko ka ba mu shi."

Ya ce ubana bai koya mini magana ba. Na ce ya koya mini, shi ya sa na zo gida ban faɗa a gaban jama'a ba, kuma jiya na ga yadda ya yi da tuwon gidan fasto, ban ga alamar bana ce ba.

Na zaci sanda zai ɗauka. Sai ya zauna bakin gado, muryarsa ta sauka. Ya tuna mini da matarsa Saratu, wadda ni da kaina na haƙa wa kabari a ɗan filin da aka ba mu a bakin gonaki, bayan gari. Mu ba mu da yawa, filin ba shinge, kowace shekara garmar mai gona tana ɗan matsowa.

"Bara na tahi in gaishe ta," ya ce. "Na iske hatsi ya hi ni tsawo. Na yi ta yawo ciki, ban san ko ina take ba. Ba ni da ɗa a garin ga, Yakubu. Dangina sun shahe sunana tun ina da rai. Ba ni son a nome ni."

Kunya ta kama ni, tausayinsa kuma ya cika ni, domin wata shida ina masa dariya a zuci ban taɓa tambayar dalili ba. Amma tsohuwar Malam Isuhu tana can kwance ƙarƙashin bangona, ga hadari yana haɗuwa a gabas, saboda haka na yi ta maza.

Na ce, "Baba, kai ka koya muna baƙi muke. To a duniya kana baƙo, a kabari ne za ka zama mai gida? Ba kai ka ce ran da aka busa ƙaho duk za mu tashi ba? Inna Saratu ta kakkaɓe ƙasa ta miƙe abinta, ba wanda zai neme ta cikin hatsi, wanda ya zaɓe ta ya san inda take. Kai ko kana ƙarƙashin buhu huɗu kana ƙwanƙwasawa. Kuma kada ka sa rai da ni in zo da guduma, ni ma ina da tawa tahiyar."

Ya yi ta kallona. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, yana share hawaye, ban san ko na dariyar ba ne ko na Saratu. Da ya samu numfashi sai ya ɗauki sandar da gaske, na fita da gudu na bar takalmi ɗaya.

Ban kai ga cin abincin rana ba aka ce mini amalanken Malam Isuhu yana ƙofar majami'a. Na je na tarar da buhu huɗu a kai, da takalmina a sama, Baba Iliya yana tafe a baya. Shi da bakinsa ya gaya wa jama'a na mene ne da inda ya ɓoye su, ba wanda ya yi dariya sai matar fasto, ita ma ta toshe baki da gyale. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, kada in kuskura in rubuta sunansa a jikin ginin.

Aikin nan shi ne mafi wuya da na taɓa yi, ku da kuke cewa kwaɓa ka liƙa. Muka tokare bangon da azara biyar ta waje. Ba a cire gindin bango gaba ɗaya, sai ya zauna maka a ka. Kamu ɗaya nake ƙwaƙulewa da dagi, in cusa marmara, in cike da siminti, in tsallake kamu biyu in sake, sai na farko ya kama in dawo tsakani. Kaina yana cikin ramin, kunnena yana kan bango, in na ji ƙasa ta zubo mini a wuya sai in daina numfashi. Malam Isuhu ya yi ta jigilar marmara da jakinsa, na yi masa maganar lada ya ce in ji da aikina. Ruwa ya sauko a rana ta uku, muka rufe da tabarmi muka tsaya muna kallo, bangon bai motsa ba. Da na gama gindin sai na fito da shi waje na yi masa dakali mai gangare, don ruwan rariya ya bugi dutse ya wuce. Simintin ya ƙare daidai da kusurwa, ko cikin cokali bai rage ba.

Malam Ɗanjuma ya tsufa a lokacin, amma ya sa aka kawo shi. Ya dafa kafaɗata, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya shuri dakalin. Ya juya ya tafi bai ce komai ba.

Tsohuwar Malam Isuhu ta ƙara shekara biyu a ɗakinta, ta rasu a kan gadonta. Baba Iliya kuwa ya mai da dakalin wurin zamansa. Kullum da la'asar yana nan shi da Malam Isuhu, suna ɓare gyaɗa suna gardamar addini, ba wanda ya taɓa kayar da wani. In mai wucewa ya gaishe shi ya tambayi gida, sai ya buga dakalin da sanda ya ce ga shi nan zaune kan kabarinsa, lafiya lau. Bai daina cewa mu baƙi ne ba, amma da mata suka sake ɗauko maganar benci, shi ya fara ba da tunkiya.

Ya rasu da rani, shekara uku bayan wannan damina. Na haƙa masa kabarin ƙasa zalla a ɗan filinmu, da awon da na ɗauka tun yana kwance yana ba ni umarni. Mun gama rufewa ke nan sai ga Malam Isuhu da amalanke cike da marmara. Bai shiga cikin addu'armu ba, ya tsaya nesa har muka ƙare, sannan ya jera duwatsun kewaye da kabarin, ya ci gaba da jerawa har ya zagaye filin duka, har da wajen da hatsi ya ci. Mai gonar ya zo yana magana, Malam Isuhu ya ce masa tsohon nan baƙonsa ne, kuma shi ba a nome masa baƙo. Har Malam Isuhu ya mutu, kowace shekara kafin shuka sai ya je ya duba duwatsun nan.

To kun ji. Ku yi ɗakinku na bulo, zan zo in zauna a inuwa in yi ta gaya muku inda kuka karkace. Bangon ku rushe shi, dama ni na cuce shi tun daga tushe. Amma dakalin ku bar shi inda yake. Kuma in kun zauna a kai ku rage buga masa dunduniya, kabarin mutum ne.